Johann Tulla, Injiniyan Da Ya Miƙar Da Kogin Rhine

An haifi Johann Gottfried Tulla ranar 20 ga watan Maris 1770 a birnin Karlsruhe na ƙasar Baden, wadda a yau take cikin kudu maso yammacin Jamus. Mahaifinsa malamin coci ne, amma shi tun yana yaro hankalinsa ya karkata ga lissafi da aune-aune. Sarkin Baden Karl Friedrich ya ɗauki nauyin karatunsa. Ya koyi aikin ruwa a wurin masani Karl Christian von Langsdorf, ya zauna a makarantar ma'adinai ta Freiberg, kana a 1801 ya tafi Paris, inda ya ga yadda Faransawa ke horar da injiniyoyinsu a kan lissafi.

A wancan zamani babbar damuwar mutanen Baden ita ce Kogin Rhine. Kogin ya rarrabu rassa-rassa, yana karkacewa yana sake hanya. Ambaliya takan cinye gonaki, wani lokaci ta tashi ƙauye ɗungurungum, fadamun da ruwa ya kwanta a cikinsu kuma suna haifar da zazzaɓin cizon sauro. Tun da yake kogin shi ne iyakar Baden ta yamma, duk sa'ad da ya sake hanya sai gardamar ƙasa ta tashi.

Shawarar Tulla ita ce a tattara ruwan cikin hanya guda mai faɗin mita 200 zuwa 250. Dabarar kuwa, a haƙa siririyar magudana a wuyan kowace kwana, a bar ƙarfin ruwan ya faɗaɗa ta da kansa, sannan a ƙarfafa gaɓa a tayar da jinga. To amma ya gane cewa aiki irin wannan ya fi ƙarfin rayuwar mutum ɗaya, ƙasar kuma ba ta da isassun ma'aikata masu ilmin safiyo da lissafi. Saboda haka a 1807 ya kafa makarantar injiniyoyi a Karlsruhe, shekara goma kafin a sa fatanya a bakin kogin.

An fara aikin a 1817. Mutanen Knielingen, waɗanda suka ga za su rasa ƙasarsu, suka yi tirjiya, har sai da hukuma ta tura soja. Ƙasashen da ke ƙasan kogin, irin su Prussia da Holan, su ma suka nuna rashin yarda, don tsoron ruwan zai riƙa iso musu da sauri.

Ana cikin wannan aiki ne, ranar 7 ga watan Oktoba 1825, Sarki Ludwig na Baden ya kafa makarantar fasaha ta Karlsruhe bisa tsarin ta Paris. A ƙarƙashinta aka haɗe makarantar Tulla da makarantar zanen gine-gine ta Friedrich Weinbrenner, aka kuma sake tsara ta a 1832. Tulla bai ga wannan sabon tsari ba. Rashin lafiya ya kai shi Paris neman magani, ya rasu a can ranar 27 ga watan Maris 1828, yana da shekara 58, aka binne shi a maƙabartar Montmartre.

Injiniyoyin da suka biyo bayansa su suka ci gaba da aikin kogin har ya kammala a 1876. Tsakanin Basel da Worms an rage tsawonsa da kimanin kilomita 81. An sami gonaki masu yawa, zazzaɓi ya ragu, ƙauyuka suka zauna lafiya. Sai dai tsoron mutanen ƙasan kogin bai faɗi ƙasa banza ba, domin ambaliya ta ƙara tsanani a wajensu. A wasu wurare kuma kogin ya zurfafa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya, masunta da masu wankin zinariya suka rasa sana'arsu.

Ita kuwa makarantar sai ta yi ta bunƙasa. A cikinta Carl Benz, wanda ya ƙera mota, ya yi karatu daga 1860 zuwa 1864. A can Heinrich Hertz ya tabbatar da igiyoyin lantarki da rediyo ke aiki da su, tsakanin 1886 da 1888, kuma a can Fritz Haber ya gano a 1909 hanyar haɗa sinadarin da ake yin takin zamani da shi. Ta zama babbar makarantar fasaha a 1885, aka ba ta sunan jami'a a 1967.

Ranar 1 ga watan Oktoba 2009 aka sake yin wata haɗewar, aka gama jami'ar da cibiyar binciken kimiyya ta Karlsruhe, wadda aka kafa a 1956 domin nazarin makamashin nukiliya, suka zama Cibiyar Fasaha ta Karlsruhe, watau KIT. A cikin sassanta har da na aikin ruwa, fannin da Tulla ya fara koyarwa a birnin, inda injiniyoyi ke nazarin yadda za a rage ɓarnar ambaliya a kogunan da aka miƙar.