Bobby Moore: Kyaftin ɗin da ya ɗaga wa Ingila kofin duniya

A ranar 30 ga watan Yulin 1966 ne Bobby Moore ya karɓi kofin duniya daga hannun Sarauniya Elizabeth a filin wasa na Wembley, bayan Ingila ta doke Jamus ta Yamma da ci 4 da 2. Har yau babu wani kyaftin ɗin tawagar maza ta Ingila da ya sake ɗaga wannan kofi.

Moore ba shi da gudu, kuma bai yi fice wajen buga ƙwallo da ka ba. Abin da ya ɗaukaka shi a tsakanin 'yan wasan baya shi ne natsuwa, da iya hango inda ƙwallo za ta faɗa tun kafin a bugo ta.

Tasowarsa

An haifi Robert Frederick Chelsea Moore ranar 12 ga watan Afrilun 1941 a Barking, gabas da birnin Landan, lokacin da ake tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu.

Ya shiga kulob ɗin West Ham United yana yaro, ya kuma buga wa manyan wasansa na farko a watan Satumban 1958, a karawa da Manchester United. Gurbin da ya samu na Malcolm Allison ne, mutumin da ya koya masa dabarun tsaron baya, wanda tarin fuka ya katse wa wasa.

A watan Mayun 1962 ya fara yi wa Ingila wasa, inda suka ci Peru 4 da nema a birnin Lima. Daga nan ya wuce gasar cin kofin duniya a Chile. Shekara guda bayan haka koci Alf Ramsey ya ba shi jagorancin tawagar a wasa da Czechoslovakia, yana da shekara 22.

Kofi uku a Wembley

Shekara uku a jere Moore yana hawa matakalar Wembley domin karɓar kofi. A 1964 West Ham ta lashe kofin FA bayan ta ci Preston North End 3 da 2. A ƙarshen wannan shekara aka yi masa tiyatar ciwon daji, amma aka ɓoye wa jama'a, ya koma fili bayan 'yan watanni.

A 1965 ya jagoranci kulob ɗin ya doke 1860 Munich da ci 2 da nema, a wasan ƙarshe na gasar Turai ta ƙungiyoyin da suka ci kofunan ƙasashensu.

Na ukun shi ne kofin duniya. A wasan ƙarshen, Jamus ce ta fara ci. Moore ya yi sauri ya buga bugun tazara kafin Jamusawa su shirya, Geoff Hurst ya sa kai ya farke. A daƙiƙun ƙarshe na ƙarin lokaci, maimakon ya yi watsi da ƙwallo waje, sai ya tare ta da ƙirji, ya ɗaga kai, ya aika wa Hurst doguwar ƙwallon da ta zama ta huɗu.

Da ya doshi Sarauniya sai ya lura fararen safar hannu ne a hannunta, don haka ya goge laka daga tafinsa kafin su gaisa.

Zargin sata a Bogota

Gab da gasar 1970 tawagar Ingila ta yada zango a Kolombiya, inda wata ma'aikaciyar shagon kayan ado a otal ɗinsu ta zargi Moore da sace abin hannu mai tsada. An tsare shi na tsawon kwana huɗu yayin da abokan wasansa suka wuce Meziko. Ba a taɓa samun hujja a kansa ba, daga baya kuma aka wanke shi.

Duk da haka, masu sharhi da dama na ganin wasan da ya yi da Brazil a Guadalajara shi ne mafi kyau a rayuwarsa. Ingila ta sha kashi da ci ɗaya mai ban haushi, amma har yanzu ana nuna yadda ya zare ƙwallo daga ƙafar Jairzinho ba tare da ƙeta ba, da hoton musayar riga tsakaninsa da Pele. A shekarar ya zo na biyu a zaɓen gwarzon ɗan ƙwallon Turai, bayan Gerd Muller.

Ƙarshen wasa

A watan Yunin 1973 kuskurensa ya ba Poland ƙwallo ta biyu a wasan neman gurbin gasar 1974. Ramsey ya ajiye shi a benci a karawa ta biyu, aka tashi 1 da 1, Ingila ta rasa gurbin. Wasansa na ƙarshe shi ne wanda Italiya ta ci su a watan Nuwamba. Ya yi wa ƙasarsa wasa 108, guda 90 a matsayin kyaftin.

A 1974 ya koma Fulham bayan wasannin lig 544 a West Ham. Ƙaddara ta haɗa shi da tsohon kulob ɗinsa a wasan ƙarshe na kofin FA a 1975, West Ham ta yi nasara da ci 2 da nema. Ya kuma taka leda a Amurka kafin ya yi ritaya.

Rayuwa bayan ƙwallo ba ta zo masa da sauƙi ba. Babu babban kulob ɗin da ya ɗauke shi koci, hukumar ƙwallon Ingila ma ba ta ba shi wani muƙami ba. Ya horar da ƙananan ƙungiyoyi irin su Oxford City da Southend United, harkokin kasuwancinsa da dama suka durƙushe, a ƙarshe ya koma sharhin wasanni a rediyo.

Ya mutu ranar 24 ga watan Fabrairun 1993 sakamakon ciwon dajin hanji, yana da shekara 51, kwanaki kaɗan bayan ya sanar da jama'a rashin lafiyarsa.

Mafi yawan karramawar da aka yi masa ta zo ne bayan ransa. Matarsa Stephanie ta kafa gidauniya da sunansa domin binciken cutar da ta kashe shi. A 2007 aka kafa mutum-mutuminsa a ƙofar sabon filin Wembley, sannan a 2008 West Ham ta jingine riga mai lamba 6, ba ta sake ba wa wani ɗan wasanta ba.