Sarauniya Mangu ta Lugu: macen da ta ƙi a mai da matan garinta ganima

Duk wanda ya bi hanyar Yamai zuwa Birnin Ƙonni ya ratsa Dogon Dutsi. A cikin wannan yanki na Arewa ne ƙauyen Lugu yake, garin Azna masu riƙe da addinin gargajiya, inda mace ce ke shugabanci tun kaka da kakanni. Sarauniya sunan sarauta ne, mata da dama sun riƙe ta, amma Mangu ce wadda sunanta ya game duniya.

Labarin baka ya nuna cewa asalin gidan daga Daura yake, kuma dutsen shari'a da ake kira Tunguma yana cikin abubuwan da suka gada. Sarauniyar Lugu ba ta da dogarai ko barga cike da dawaki. Aikinta shi ne roƙon ruwan sama, sasanta rigima da tsare amanar ƙasa. Haka Mangu take zaune har shekarar 1899.

A watan Janairu na wannan shekara, wata rundunar Faransa a ƙarƙashin kaftin biyu, Voulet da Chanoine, ta taso daga bakin kogin Isa ta nufi tafkin Cadi. Turawan ƴan kaɗan ne, mafi yawan sojojin baƙar fata ne da aka ɗebo daga ƙasar da ake kira Mali a yau. Rundunar ba ta da isasshen guzuri, saboda haka duk garin da ta sauka sai ta kwashe hatsi da dabbobi, ta ɗaure maza su yi dako. Mata kuwa ganima ce. Ana raba su ga sojoji a matsayin lada, su yi daka, su ɗebo ruwa, su kwana da wanda aka ba su, ba sadaki, ba waliyyi. Ɗaruruwan mata ne ke bin ayarin a ƙasa cikin wannan hali.

Labarin ya riga rundunar isowa Arewa. Wasu sarakuna suka ga babu sarki sai Allah, suka miƙa wuya. Mangu ta ƙi. Ranar 16 ga Afrilu 1899 maharban Lugu da na ƙauyukan kewaye suka tari masu bindiga da baka da kibiya. Da wuta ta yi tsanani, sai ta janye mutanenta zuwa cikin kurmi mai ƙaya, inda sojojin suka sha wuya, suka yi asarar rayuka da harsasai masu yawa. An ƙone Lugu, amma ba a kama Sarauniya ba. Bayan ayarin ya wuce, mutane suka koma suka sake gina garinsu, sarautar kuma ta ci gaba bayan rasuwarta.

Abin da ta gudar wa mutanenta ya faɗa wa Birnin Ƙonni a watan Mayu, inda aka yi kisan gilla. Tun kafin nan labarin ta'asar ayarin ya riga ya kai Faris, aka turo Kanar Klobb ya karɓe rundunar. Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu baya, suka kashe Chanoine da Voulet. Kaburburansu na Maijirgi, kusa da Tasawa.

Sai dai ƙarshen yaƙi bai zama ƙarshen wahalar mata ba. Daga 1900 ƙasar ta koma hannun mulkin soja, ba ta zama ƙarƙashin farar hula ba sai 1922. Macen da aka raba da danginta, mijinta ya mutu ko ya gudu, ina za ta nufa? Da yawa suka raɓe a gefen bariki suna neman abin sawa a baka. Har yau idan aka ce mace ta shiga bariki, kowa ya san abin da ake nufi, amma ba a cika tambayar wanda ya kafa barikin ba. Jami'an Turawa su ma sun riƙa ajiye ƴan matan ƙasa, idan wa'adinsu ya cika su koma gida su auri farar fata, su bar uwa da ɗa ruwa biyu. Soja ya samu lambar yabo, ita kuwa aka bar ta da sunan karuwa.

Marubuci Abdoulaye Mamani ya fitar da littafi a kan Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Ta haka ne ƴan lakwal suka san ta.

Ya ku iyayenmu mata na Babbar Kasuwa da Katako, sunan Mangu ya tsira, amma na matan da aka ja da igiya a bayan ayari ya ɓace. Idan yau kuka ga yarinyar da rikici ya koro daga ƙauye tana gararamba a tasha, kafin a yi mata suna, a tambaye ta abin da ya raba ta da gida, a kuma ba ta ɗan jarin da zai tsare mata mutunci.