Dorugu: Yaron da Aka Sayar, Malamin da Ya Koyar

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840 a Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram. Yana ƙaramin yaro aka kama shi bawa, aka raba shi da iyayensa, ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu har Kukawa a Barno. Yaron da aka yi cinikinsa haka, wane labari zai riƙa ba kansa? Mun san amsar, domin a cikinmu ma akwai waɗanda aka daɗe ana gaya musu ba su da amfani har suka yarda.

Wani Bajamushe, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, Dorugu ya bi Heinrich Barth har Tambutu, daga nan zuwa Ingila a 1855. 'Yanci ya samu, amma har yanzu yaron gida ne mai ɗaukar kaya.

Abin ya canza a gidan Rabaran James Frederick Schön, wanda ya yi tafiyar Kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther a 1841. Schön yana neman mai koya masa Hausa. Sai ga babban malami zaune yana rubuta abin da yaro ke faɗa: tatsuniyoyi, labaran gida, da tarihin rayuwarsa tun daga Dambanas. Aka saurare shi. Harshen da ya zo da shi daga ƙauye ya taimaka wajen fassara sassan Littafi Mai Tsarki da rubuta nahawun Hausa na 1862. A can aka yi masa baftisma da suna James Henry Dorugu, ya zama ɗan'uwa cikin Almasihu a wurin mutanen da ba ƙabilarsa ba.

Ba za mu ɓoye ba, masu bi ɗin nan ba su cika adalci ba. Littafin Magana Hausa ya fito a 1885 cike da maganarsa, amma sunan Schön aka fi sani da shi.

Dorugu ya dawo a 1864, ya yi aikin tafinta shekaru da yawa. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa, Kano. A Kano ya rasu a 1912.