Farfesa Lambo, Likitan Aro

Jama'a, yau za mu tuna da Farfesa Adeoye Lambo, ɗan Abeokuta, haihuwar 1923, ya rasu a 2004. Da ya dawo daga karatun likita a Ingila, a 1954 ya fito da sabon tsari a Aro. Maimakon a kulle masu ciwon ƙwaƙwalwa, sai ya saukar da su a gidajen ƙauyawa, kowa da ɗan'uwansa mai jinya. Da rana asibiti, da dare cikin mutane.

To, mu nan baƙi ne, dangi na nesa. In ɗan'uwa ya daina fitowa kasuwa, ba barci ba magana, kar mu watse. Mu raka shi asibiti, mu zauna da shi, mu haɗa da addu'a.

Allah ya ba mu lafiya, amin.