John Bunyan, Ɗan Ƙauyen Elstow

A ƙasar Ingila, kusa da garin Bedford, akwai wani ƙauye wai shi Elstow. Nan aka yi wa John Bunyan baftisma yana jariri a 1628. Ubansa talaka ne, mai gyaran tukwanen ƙarfe, shi ma sana'ar da ya gada ke nan. Yana saurayi ba ya rabuwa da wasa a dandali, ko ran Lahadi, yana kuma son kaɗa ƙararrawar majami'a. Daga baya zunubinsa ya dame shi, har yana tsoron hasumiyar ƙararrawar za ta faɗo masa. Hasumiyar tana nan tsaye har yau.

Da ya tuba ya koma Bedford, ya shiga wa'azi. A 1660 aka kama shi, gama ba shi da izinin hukuma. Da ya yi alkawarin yin shiru, da an sake shi. Mu masu iyali mun san nauyin wannan, gama 'ya'yansa huɗu ne, babbarsu kuwa makauniya. Duk da haka ya ƙi. Shekara 12 yana kurkuku, yana yin igiyar takalmi domin iyalinsa su sami abinci. Littafinsa, The Pilgrim's Progress, ya fito a 1678. Ya rasu a Landan a 1688.