ALBERT NAMATJIRA, MAI RAƘUMA DA YA ZAMA MAI ZANE

Can gabas mai nisa, bayan an ƙetare tekun Indiya, akwai wata babbar ƙasa ana ce da ita Ostareliya. Gefen teku shi ke da ni'ima da manyan birane, amma tsakiyar ƙasar hamada ce, ƙasarta ja wur, ga dogayen duwatsu, ga ƙoramu waɗanda ba su kawo ruwa sai jefi-jefi. Tun kafin Turawan Ingila su sauka can a 1788 akwai baƙaƙen mutane masu ƙasar, sun yi dubban shekaru suna zaune a cikinta, kabila kabila. Ɗaya daga cikin kabilun hamadar ita ce Aranda.

A wurin Aranda ƙasa ba abin sayarwa ba ce. Kowane mutum yana da yankin da ya gada daga ubansa, kuma tare da yankin yakan gaji labarun kakanni da waƙoƙin da suka shafi kowane dutse da kowane tafki da ke ciki. Wajibi ne ya san su, ya kuma kula da wuraren.

A cikin wannan kabila aka haifi Namatjira, ran 28 ga Yuli, 1902, a wani ƙauye mai suna Hermannsburg, wanda Jamusawa 'yan mishan suka kafa, kusan mil 80 yamma da garin Alice Springs. Sunan da iyayensa suka sa masa Elea. Da suka shiga addinin Kirista aka raɗa masa Albert. Ya yi karatu a makarantar mishan, amma da ya kai shekara goma sha uku sai dattawan kabilarsa suka tafi da shi daji, ya yi wata shida suna koya masa al'adun kakanni da sirrin ƙasar ubansa. Watau dai ya tashi da ilmi iri biyu.

Da ya zama saurayi ya auri wata yarinya wadda bisa ga al'adarsu ba a yarda ya aure ta ba. Saboda haka ya bar gida na 'yan shekaru, ya shiga aikin jan raƙuma. Raƙuman nan ba na ƙasar ba ne, daga wajen Indiya da Afganistan aka kawo su tare da masu kiwonsu, yawancinsu Musulmi, domin su riƙa kai kaya inda jirgin ƙasa bai kai ba. Cikin wannan aiki Albert ya ratsa hamada ciki da bai, ya ga duwatsunta da hantsi, ya gan su da almuru, ya ga yadda launinsu ke sauyawa daga ja zuwa shunayya. Da ya komo Hermannsburg ya taɓa ƙira, ya taɓa sassaƙa, ya taɓa kiwo. Yakan kuma ƙona zane a jikin katako da ƙarfe mai zafi, kamar yadda ake yi wa ƙwarya ado, ya sayar wa baƙi.

A 1934 waɗansu Turawa biyu masu zane suka zo daga birnin Melbon. Ɗayansu sunansa Rex Battarbee, tsohon soja ne wanda aka ji wa mummunan rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya, har aikin ƙarfi ya gagare shi, ya koma zane. Suka rataya hotunan da suka zana na duwatsun wurin, mutanen ƙauye suka yi ta zuwa kallo. Albert, a lokacin yana da shekara talatin da biyu, ya tsaya gaban hotunan ya daɗe. Ga duwatsun da ya sani tun yana yaro, wani baƙo ya ɗauko su ya ɗora a kan takarda. Tun daga ran nan ya ƙudura a ransa shi ma sai ya iya.

Bayan shekara biyu, a 1936, Battarbee ya sake zuwa, yana neman wanda zai ja masa raƙuma. Albert ya karɓi aikin, ladansa kuwa a koya masa zane. Suka yi wata biyu cikin daji. Iyakar makarantar zanen da ya yi ke nan duk rayuwarsa.

Irin zanen da ya koya shi ne na fentin ruwa. Kayan aikinsa ba su da yawa: takarda fara mai kauri, da buroshi mai laushin gashi, da ɗan akwatin kwano mai ɗauke da dunƙulen launi iri iri, sai ruwa a gwangwani. Mai zane yakan tsoma buroshi a ruwa, ya shafi launi, ya shimfiɗa a takarda. In ya sa ruwa da yawa launin ya fito da haske, in ya rage ruwa ya fito da duhu. Daga mai haske ake farawa, a bari ya bushe, sa'an nan a bi da mai duhu a kansa. Wuyar abin ita ce, fentin ruwa ba ya ɓoye kuskure. Abin da buroshi ya taɓa ya taɓu, ba a iya rufe shi da wani launi kamar yadda ake yi da fentin mai. Har wa yau galibi ba a shafa fari. Duk inda ake so ya fito fari, sai a kewaye wurin a bar takardar yadda take. Saboda haka tilas mai zane ya ga hoton duka a zuciyarsa kafin ya ɗiga ko ɗigo ɗaya. Ga shi kuwa a hamada zafin rana yakan busar da takarda nan da nan, ba ta jiran mai dogon tunani.

Wannan wuya ba ta dami Albert ba, gama abin da zai zana ya daɗe da zama a zuciyarsa. Akwai wani itace a ƙasarsu, dangin itacen turare ne, gindinsa fari fat kamar an shafa masa alli. Albert yakan tsai da shi a gaban hoto, can baya kuma ga duwatsu shuɗi-shuɗi suna nisa. Farin gindin nan takarda ce kawai da ya bari, amma yakan bi ta da 'yar inuwa, ya nuna inda reshe ya karye, da inda wuta ta taɓa lasa, da inda ɓawo ya tattare kamar fatar tsoho. Da wuya a ga mutum a cikin hotunansa. Itatuwan ne ke tsaye kamar mutane, kowanne da irin wahalar da ya sha.

Battarbee ya ga almajirinsa ya kama hanya da sauri ƙwarai, bai kuwa yi masa hassada ba, sai ma ya taimake shi. A 1938 aka nuna hotunan Albert guda 41 a Melbon, cikin 'yan kwanaki aka saye su duka. Daga nan aka yi ta nuna aikinsa a sauran birane. Aka buga hotunansa da yawa, har ya zama gidaje da makarantu ko'ina a Ostareliya suna da su rataye a bango. A 1954 aka kai shi Kanbera, babban birnin ƙasar, ya gaisa da Sarauniya Elizabeth, wadda bayan shekara biyu ta zo Kaduna aka yi mata hawan daba. A 1956 wani mai zane, William Dargie, ya zana surar Albert, ya ci babbar kyautar nan ta Archibald da ita.

Duk da haka waɗansu masana suka raina aikinsa, suna ganin kwaikwayon Turawa kurum yake yi. Sun yi kuskure. Baturen da ya zo wucewa yakan zana dutse don ya ba shi sha'awa. Albert kuwa wuraren da yake komawa yana zanawa, sau da yawa na ubansa ne da na uwarsa, waɗanda ya san labarinsu, aka kuma ɗora masa nauyin kula da su. Mutum ne mai kawaici, ba shi da yawan magana, kuma akwai abubuwan al'ada da ba a yarda a faɗa wa baƙo ba. Abin da bakinsa bai faɗa ba, na ƙauna da na begen ƙasar da ta fita daga hannun mutanensa, shi ya zuba a takarda da ruwa da launi. Sai bayan mutuwarsa mutane da yawa suka gane haka.

Kuɗi sun shigo masa, amma ba su zauna ba. A al'adar Aranda abin da mutum ya samu na dangi ne duka, saboda haka jama'a mai yawa ta dogara gare shi, bai kuwa kore su ba. Ya kuma koya wa 'ya'yansa da 'yan'uwansa zane, har suka zama ƙungiya sananniya. Sai dai dokar zamanin ba ta ɗauki baƙaƙen ƙasar a bakin cikakkun mutane ba. Ya nemi a ba shi hayar fili ya yi kiwon shanu, aka hana shi. Ya so ya gina gida a cikin Alice Springs, aka hana shi. Mutumin da ya gaisa da Sarauniya, ga shi zaune a bukka a bayan gari, ana kuwa karɓar haraji daga abin da yake samu.

A 1957 gwamnati ta cire shi da matarsa Rubina daga ƙarƙashin waɗannan dokoki, ta ba su 'yanci irin na Turawa. Amma 'ya'yansa da sauran danginsa ba a ba su ba. Nan matsala ta taso. Doka ta yarda ya sayi giya, ta kuma hana a ba danginsa, al'ada kuwa ta hana shi ya riƙe wani abu shi kaɗai. A 1958 aka kai shi gaban shari'a a kan wani ɗan'uwansa ya sami giya ta hannunsa, aka yanke masa ɗaurin wata shida. Mutane da yawa a birane suka yi kuka da wannan hukunci. Aka rage shi zuwa wata uku, aka kuma tsare shi a wani ƙauye mai suna Papunya maimakon gidan yari. Bayan wata biyu aka sake shi.

Amma zuciyarsa ta riga ta karye, sha'awar zane ma ta fita daga ransa. Ba a daɗe ba ciwon zuciya ya kama shi, aka kai shi asibitin Alice Springs, ya rasu ran 8 ga Agusta, 1959, yana da shekara 57. Ya bar hotuna wajen dubu biyu.

Abin da ya same shi yana cikin abubuwan da suka sa mutanen Ostareliya suka fara jin kunyar dokokinsu. A 1967 suka jefa ƙuri'a, fiye da kashi 90 cikin ɗari suka yarda a gyara tsarin mulki domin a riƙa lissafa baƙaƙen ƙasar cikin ƙidayar jama'a. A 1968 aka sa surarsa a kan sarki na aika wasiƙa. Iyalinsa kuwa sun daɗe ba su ci moriyar aikinsa ba, gama a 1983 an sayar wa wani kamfani ikon buga hotunansa a kan dala 8,500, sai a 2017 aka mayar musu da shi. A 2020 wani tattaɓa-kunnensa, Vincent Namatjira, ya ci kyautar Archibald, shi ne kuwa na farko cikin baƙaƙen Ostareliya da ya ci ta.