Waliyi Sifiriyan, Bishof da Shahidi: Malamin Addu'ar Ubangiji

Ranar 16 ga Satumba kowace shekara Eklesiya Katolika takan tuna da Waliyi Sifiriyan tare da abokinsa Paparoma Korneliyus. An haifi Sifiriyan a farkon ƙarni na uku a Arewacin Afirka, ya yi rayuwarsa a Kartaj, babban birnin da kufansa yake ƙasar Tunisiya a yau. Ɗan masu arziki ne, ya yi suna wajen koyar da fasahar magana. Wani dattijon firist mai suna Sesiliyus ne ya jawo shi ga bangaskiya. Ya karɓi baftisma wajen shekarar 246, ya rarraba dukiyarsa mai yawa ga matalauta. Ba a daɗe ba jama'a suka zaɓe shi Bishof na Kartaj.

A shekarar 250 Sarki Desiyus na Roma ya ba da umarni kowa ya miƙa hadaya ga gumaka, ya karɓi takardar shaida. Waɗansu masu bi suka jimre har mutuwa, amma da yawa suka faɗi. Sifiriyan ya ɓuya, yana kiwon garkensa ta wasiƙu, abin da waɗansu suka zarge shi a kai. Da tsananin ya lafa, sai Eklesiya ta rabu. Waɗansu suka ce a karɓi waɗanda suka faɗi nan take, waɗansu kuwa suka ce a rufe musu ƙofa har abada. A taron bishof-bishof na shekarar 251 Sifiriyan ya tsaya tsakani: ƙofa a buɗe take, amma sai bayan tuba ta gaskiya.

Cikin waɗannan shekaru na raunuka ne ya rubuta ɗan littafinsa a kan Addu'ar Ubangiji, wadda muke samu cikin Matiyu sura 6 da Luka sura 11. Tun zamanin farko Eklesiya ta koya wa masu bi su yi ta sau uku a rana, ta kuma riƙa danƙa ta ga masu shirin baftisma kamar gādo. Tatuliyan, shi ma mutumin Kartaj, ya riga shi yin sharhi a kanta. Abin da Sifiriyan ya fi nanatawa shi ne, Yesu bai koya mana mu roƙa wa kanmu kaɗai ba. Uban da muke kira na dukanmu ne, haka abincin da muke roƙo, haka kuma gafara. Ko mutum yana shi kaɗai a ɗakinsa, da bakin dukan jama'ar Allah yake magana. Ya bayyana cewa abincin yau da kullum ya haɗa da Jikin Kristi da muke karɓa a bagade, cewa kuma wanda ya hana ɗan'uwansa gafara ya yanke wa kansa hukunci da harshensa. Allah ba ya karɓar baikon mai riƙon gaba.

Bai tsaya ga rubutu ba. Sa'ad da annoba ta auka wa Kartaj, mutane suna gudun 'yan'uwansu, ya tattara Kiristoci su yi jinyar marasa lafiya, su binne matattu, har da na waɗanda suka tsananta musu.

A shekarar 257 Sarki Baleriyan ya sake tayar da tsanani, aka kori Sifiriyan zuwa garin Kurubis. Wannan karo bai kauce ba. Ya ƙi yin hadaya ga gumaka, aka fille masa kai ranar 14 ga Satumba, 258, bayan ya sa a ba haunin tsabar zinariya 25.

Daga baya Waliyi Agustin ya dogara ƙwarai ga littafin nan, sunan Sifiriyan kuma yana cikin Addu'ar Yukaris ta Farko har wa yau. Mu ma a kowace Misa mukan yi wannan addu'a kafin gaisuwar salama da karɓar Tarayya Mai Tsarki. Ya kamata mu tambayi kanmu ko akwai wani a gidanmu, ko a zumuntarmu, ko a unguwarmu, da muka fitar daga cikinta. Waliyi Sifiriyan, ka yi addu'a dominmu.